Ka Bar Shanu Su Taka Burugu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga autana Lawali, gidan kawunka, Yauri.

Auta, ni ce, Innarka. Ina gaishe ka da kyau da kyau. Ina gaida kawunka da mutanen gidanshi, manya da ƙanana. Allah shi sa takardar ga ta ishe ka lahiya. Allah shi tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, da sharrin mai bindiga da na mai baki. Amin.

Saudatu matar yayanka ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya hito daga bakina, kar ta yi min kwalliya, kar ta bar komi. Ta ce, "Inna, ga waya, ki kira shi mana." Waya! Jiya da ka kira, mi na iya ce maka? Na fashe da kuka, sabis ya ɗauke, na zauna da abu a kunne ina ta "alo, alo" kamar mai taɓin hankali. Maganar waya iska ce. Wagga kuwa ka naɗe ta ka sa aljihu.

Ka ce ba ka shiga jirgin Shanga sai na ce maka "tahi" da bakina. Mutanen nan masu gyaran fadama sun ɗauke ka aiki, ka dasa ciyawar ruwan nan burugu tare da samari, ka kuma yi gadin wurin. Ranar kasuwa jirginsu ke tashi, da kai ko babu kai. Ka aza min dutse a ƙirji, Auta. Tun da ka hita gidan ga ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga ɗaki, in hito, in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share. Har yanzu ban san abin da za ni ce maka ba. Bari dai in yi ta magana, ƙila in ishe amsar a hanya.

Gadin ne ya hana ni sukuni. Da dashe ne kaɗai, da sauƙi. Mai gadin fadama tsakiyar mutum uku shike tsaye: mai shanu, mai gona, mai kamun kihi. Kowa da yunwarshi, kowa da abin da ya rataya a kafaɗa, kuma zamanin ga ba ka sanin wa ke tahe da sanda, wa ke tahe da wuta. Ni na san su duka ukun. Biyu daga cikinsu ni ce. Na ukun kuma ni na kore shi.

Kai ba ka san fadamar bayan tungarmu ba sai bayan ta lalace. Sa'ad da anka kawo ni gidan babanka, burugu ne tun daga bayan gida har inda ido ya gaji. Kai ka san shi ɗan tsiro-tsiro a bakin ruwa. Mu mun san shi jirgi na shiga ciki shi ɓace, sai dai ka hangi kan gorar tuƙi na motsi. Karanshi zaƙi, yara na tsotso kamar rake. In ruwa ya hau shi hau da shi, in ruwa ya ja shi kwanta bisa laka. Cikinshi kihi ke zuba ƙwai. Tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, in sunka tashi sai ka ce hadari ne. Babanka ya taɓa nuna min ayu shina kiwo a ciki, hancinshi kaɗai na gani na ƙwalla ihu, saura kaɗan in juye mana jirgi. Ya yi ta min dariya har gida. Shekarar da ruwan sama ya ɗauke gero ya ƙone a tsaye, bado munka ci daga fadamar ga. Kakarka ta shiga ruwa har wuya tana tsinko shi, munka shanya, munka daka, munka tuƙa. Babu daɗi. Amma ba mu binne kowa ba a shekarar nan.

To ga abin da na yi.

Kowace shekara, in ruwan da ke zuwa lokacin sanyi ya ja baya, Hillani ke saukowa da shanunsu su kafa ruga a gehen fadama. Cikinsu akwai Hajjo, ƙawata. Ta kawo min nono, in auna mata shinkafa, mu zauna muna zagin juna. Ta ce ina ƙarnin kihi, in ce tana ƙarnin man shanu. Sai ga zamanin albasa ya zo. Manyan motoci na zuwa har bakin ruwa suna lodi. Matan maƙwabta sunka fara ɗaura zannuwan da ban taɓa gani ba. Na sa babanka gaba. Ya ce, "Kulu, wurin ga shina da masu shi." Na ce, "Su wa? Shanu?" Ban bar shi ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali ba har ya gaji ya yarda. Munka jira burugu ya bushe, munka sa mai wuta, munka kewaye da ƙaya. Ba mu kaɗai ba, gida-gida kowa ya yi haka. Amma ni nawa na sani.

Hajjo ta zo da ƙwaryarta, ta sauke, ta tsaya tana kallon toka.

"Kulu, mi kunka yi?"

Na ce, "Gona."

Ta ce, "Ke ba ki sani ba? Saniya ba ci kaɗai take ba. Baki na ci, ƙafa na shuka. In ta taka karan ya nutse cikin laka, kowane ido nashi saiwa shike yi, baɗi shi tashi sabo. In kun hana ta shiga, wa zai taka muku?"

Na ce, "To ta zo ta taka min albasa in gani."

Mata sunka kwashe da dariya, ni ma kaina ya kumbura. Hajjo ta aza ƙwaryarta ta ce, "Allah shi ba da albasa, Kaɗo." Ban sake ganinta ba.

Da shekara ta kewayo, shanu sunka zo inda sunka saba. Dabba ta san an yi gona? Sunka tura ƙayar maƙwabcinmu sunka shiga. Aka hito da sanduna da adduna. Babanka ya ruga rabo. Tabon nan na damtsenshi da kake shafawa kana ƙarami, shina ce maka ƙugiya ce, ba ƙugiya ba ce. Adda ce. Har ya rasu bai san ko ta wane ɓangare ba ce, kuma bai taɓa ce min "ke kika ja" ba. Da ya faɗa da ya hi min sauƙi.

Albasa ta yi kyau, ba na ƙarya, ta yi kyau na ɗan lokaci. Sai dai ba mu san burugu ne ke karya igiyar ruwa ba. In iska ta taso daga tsakiyar ruwa, da can cikin ciyawa take mutuwa, kahin ta iso gaɓa ta zama lallausa. Da ciyawa ta ƙare, sai ta riƙa dukan gaɓa kai tsaye. Yau ɓangare shi zube, gobe ɓangare shi zube. Gonar da na hana babanka barci dominta, yanzu bisa kanta ake jefa birgin kamun kihi, kuma ba a kama komi. Ka ga inda ruwa ya kai bara da idonka. Maza sun fara magana ƙasa-ƙasa kan maƙabarta. Babanka na can kwance, Auta.

Don haka ka ji ni. In har ka tahi, ban ce ka tahi ba tukuna, in har ka tahi, kahin ka ɗaga wa kowa sanda ka kai ƙafarka ruga. Ka tuɓe rigar aikin da za su ba ka, ka sa taka ta gida. Ka durƙusa ka gaida ardo, ka gaida tsohin mata, ka sha abin da anka miƙo maka ko da cikinka a cike shike. Ku yi maganar lokaci. In sabon dashe ne bai kama ƙasa ba, shanu su dakata. In ya yi ƙarhi, ruwa ya ja, laka ta tsaya iya idon sawu, a buɗe musu su taka. Saudatu ta ce ta ji a rediyo masu irin aikin ga suna zama da ardo-ardo da sarakunan ruwa kahin su fara. To madalla, sun hi mu hankali. Amma zaman manya daban, gaisuwar mai gadi daban. Ba manyan ne za su tsaya bakin fadama da rana tsaka ba, kai ne. Mutum bai cika sarar wanda ya sha nono a ƙwaryarshi ba.

Tsaya. Saudatu, mi ne wancan? Ba ki ji ba?

Ta leƙa, ta ce babur ɗin mai ƙanƙara ne. Ka gani ko? Haka nike wuni. Ta ce har wannan ta rubuta, tunda ni na ce kar ta bar komi. Ɗiyar ga ba ta da kunya.

Ina nike? Kihi.

Ka tuna gidan sauron da anka raba mana a asibiti? Kana goye a lokacin, ba ka tunawa. Ban taɓa kwana cikin nawa ba. Wata ta fara, duk munka bi. Mu kama bakinshi mu biyu, mu shiga ɗan abin da ya rage na burugu, mu ja. Babu abin da ke kuɓuta. Ɗiyan kihi kamar ƙwayar shinkafa, wasu ko ido bai gama hitowa ba. Mu shanya bisa tabarma, mu daka a miya. Miya kuwa ta yi daɗi. Ranar farko da na aje wa babanka, ya sa hannu, ya ɗago, ya duba da kyau. Ya ce, "Kulu, kin dafa min kihin baɗi." Ya ci gayan tuwonshi ya tashi. Na yi hushi. Na ce cikin raina, ruwa mai girma haka, mi ɗan gidan saurona zai rage mai? Kowace mace a tungar ga haka ta ce cikin ranta. Yanzu mazanmu na kwana bisa ruwa su dawo da abin da bai cika faranti ba.

To za ka ishe irina a can. Ba makawa. Za ka ishe mace cikin ruwa har ƙugu da gidan sauro a hannu, ɗiyanta na bakin gaɓa suna jira. Kar ka yi mata tsawa gaban ɗiyanta. Kar ka yage mata shi. Kar ka kira ta ɓarauniya, ba ta san sata take ba, tukunya take gani. Ka gaishe ta, ka ce "Inna, sannu da aiki." Ka ɗebo ɗaya a tahin hannunka ka nuna mata, ka tambaye ta sunan kihin. Za ta faɗa maka, ta hi ka sani. In ta ce giwan ruwa ne, ka ce to in an bar shi wa zai iya ɗaukarshi shi kaɗai? Ka bar ta ta zubar da hannunta. In ta ƙi yau, ka koma gobe. Wanda ka kunyata bai daina ba, lokacin zuwa kaɗai ya canza, kuma ya riƙe ka a zuciya. Macen da ka wulaƙanta tana da miji, tana da ɗiya maza. Ni wannan nike tsoro.

Wallahi da na faɗi haka sai na ji a'a, kar ka tahi. Ka dawo gida. Ka zauna nan inda nike ganinka. Mi ya haɗa ka da fadamar wasu? Su nemi ɗan wata.

Saudatu ta ce, "Inna, in rubuta shi dawo ke nan?" Na ce ta dakata. Akwai sauran magana, kuma ita ce mai nauyin.

Yayanka. Ba na kama sunanshi, ka sani, ɗan fari ne. Sa'ad da ya gama makarantar nan ta tunga, malaminshi ya zo har gidan ga

Auta, hannu ya canza, za ka gani. Saudatu ta aje biro ta ce ba ta rubuta maganar mijinta, ta shige ɗaki da goyonta. Ban ga laihinta ba. Na ɗauki takardar na taka har shagon Malam Buhari mai kemis, shi ke rubutawa yanzu. Shina gaishe ka. Ya ce, "Inna Kulu, wagga takarda ce ko tafsiri? Ina da masu jira." Na ce su jira, ciwon kai bai kashe kowa kahin la'asar.

To, malamin makarantar yayanka ya zo har gida ya ce yaron ga shina da kai, a tura shi Yauri shi ci gaba. Babanka ya yarda. Ni na ce a'a. Ka san ni da ruwa. Ina ƙarama anka taso mu daga gungunmu na tsakiyar ruwa, lokacin da anka tsare kogi ruwa ya hau. Na ga rumbunmu shina nutsewa, na ga kan kukar ƙofar gidanmu ya rage kamar tsintsiya bisa ruwa. Tun ranar zuciyata ba ta koma wurinta ba. Na ce ɗana ba ya bin jirgi kowane hutu. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce in ya tahi ban yahe ba. Yaron ya dube ni, ya aje jakarshi. Bai sake tada maganar ba har yau.

Na ce na tsare shi. Na tsare shi a bakin ruwan da babu kihi. Ya yi sana'ar su har ya gaji, ga mata ga ɗiya. Yanzu ina shike? Ramin zinariya. Shina shiga ƙarƙashin ƙasa da igiya a ƙugu, in ya dawo tari ya hana shi magana. Kuma ƙasar da suke wankewa, ina take zuwa? Ɗan tabkin nan na sama da mata ke ɗiban ruwa ya zama kamar kunun kanwa, ko kwaɗo ya bar shi. Na hana shi jirgi, na tura shi rami. Ba wanda ya yi mai haka sai tsorona. In ya zo gaishe ni da sahe ya durƙusa, ba ni iya duban huskarshi.

Shi ya sa da ka ce sai na ce "tahi", na tuno yayanka. Ka miƙo min wuƙar da na taɓa yanka ɗaya da ita.

Malam Buhari ya aje biro ya ce, "To Inna, ai kin ba da amsa." Na ce ban ba da ba, shi rubuta abin da na faɗa, ba shi ya haihe ka ba. Na tashi na kai bakin ƙofa na dawo. Ya ce in zauna, ina sa mai jiri.

Bari in faɗi na hanya tukuna, ko da wane ne ya zama.

Jirgin da anka cika har ruwa na lasar baki, kar ka shiga, ko da su wa ke ciki, ko da za a ce maka matsoraci ɗan matsoraciya. Ka ce e, haka ne. Rigar nan mai hana nutsewa, in sun ba ka, ka ɗaura ta, ba matashin kai ba ce. Itatuwan garuruwanmu na da suna nan tsaye ƙarƙashin ruwa, ba su ruɓe ba, jira suke. In hadari ya haɗu ka ce a raɓa gaɓa. In rana ta yi ƙasa, ka kwana inda kake. In ka ga mutane bisa babura da yawa, fadama ba taka ba ce, ka bar musu, ka shige ciyawa ka kwanta. Burugu zai sake tsira. Kai ba ka da ido kamar kara, in an taka ka ba ka tashi. Kar ka karɓi bindiga daga hannun kowa, ko an ce ta gadi ce. Kar ka karɓi ɗan abu a ɓoye ka buɗe wa wani ka hana wani, ranar da na biyun ya ji, ranar ka zama abokin gaba. Ka yi sallarka kan lokaci. Ka ci abinci, na san ka, in aiki ya kama ka mantawa kake.

Kuma ka buɗe ido ka koya. Yadda suke yanka karan, yadda suke binne shi, zurhin ruwan da shike so, duk ka riƙe a kai. Don ba Shanga kaɗai ke da gaɓa ba. In Allah ya sa ya kama can, ka ɗauro mana dami ka kawo. Ƙafata ba ta mutu ba. Shanun Hajjo sun tahi, to ni za ni shiga lakar bayan maƙabarta in taka shi da kaina, in tattaro matan da munka ƙone shi tare, waɗanda sunka rage. Mu munka iya sa wuta, ma iya taka laka.

Malam ya ce takarda ta kusa cika, kuma motar Yauri na ɗaukar fasinja a bakin kasuwa, in ba a kai yanzu ba sai gobe. Gobe kuwa ban san wace ce za ni zama ba.

Malam, riƙe biron da kyau. Rubuta da sauri kahin in haɗiye.

Tahi, Lawali. Na ce tahi. Na yarda, na yahe maka duniya da lahira, na sa maka albarka.

Saura ɗaya, ka ji ta da kunne biyu. Na san halina. Ba a daɗewa za ni aiko a ce maka ka dawo. Za ni sa a kira ka ina kuka, za ni ce ba ni da lahiya, ƙila ma in ce mutuwa nike. In da gaske ne, yayanka ko Malam Buhari za su gaya maka da bakinsu, ga shi nan shaida, ya ɗaga kai ya ce ya ji. In ba su ba ne, kar ka saurare ni. Ka lallashe ni, ka ce "to Inna," ka koma bakin aikinka. Babu laihi a kanka, babu haƙƙina. Waccan tsoro ne zai yi magana. Wagga ita ce uwarka.

Allah shi kai ka lahiya. Allah shi kwantar maka da ruwa, shi sanyaya maka zukatan mutane, mai shanu da mai gona da mai kihi. Allah shi makantar da mugu daga gare ka. Allah shi raya abin da za ka dasa, shi dawo min da kai da ƙafarka. In kuma ban kai ba, Allah shi haɗa mu inda babu tsoro. Amin, amin.

Ka gaida kawunka. Ka ce mai shi raka ka har bakin jirgi, shi tsaya sai kun ɓace.

Malam, naɗe. Kai ta mota da kanka, kar ka miƙo min.

Innarka,
Kulu